Ƙusa a Bayan Rawuta

Zuwa ga ɗan ƙanwata, wanda ake ce wa Injiniya,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yaran da har yau ban san fuskarsu ba. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, kunnen dama kuma ya ƙarasa mutuwa, don haka ka daina wahalar da kanka da bugo waya. Na ga kiranka, na san 'yata Auta ce ta sa ka, kuma da gangan na ƙi ɗauka. Maganar waya iska ce, gobe sai ka ce ba haka ka faɗa ba. Shi ya sa na zauna a kan bencin shago na rubuta da fensirin da nake zana katako. Ka san ban yi nisa a makaranta ba. In ka ga harafi ya karkace, ka karanta shi a karkace. Direban da ke kai muku siminti zai miƙa maka.

Na'urar intanet ɗin nan mai ƙaho biyu, wadda kuke kira rawuta, ta mutu. Kai ka kashe ta.

Shekara da shekaru tana kan kantar da na kafa mata a falo, ba ruwanta da kowa. Auta ce ta sa aka kawo ta kafin ta tafi aikin jinya a ƙasar waje, don ta riƙa ganin uwarta. Kullum da yamma babbar wayar nan mai kamar allo za ta yi ƙara, in jingina ta da filo a gaban Innarku, Auta ta fito, uwar ta ci abinci tana kallonta. Ka san halin da Innarku ke ciki tun da ƙwaƙwalwarta ta fara zuba. Ni da na tsufa tare da ita, wata rana da sunan wanta take kirana. Amma Auta ba ta taɓa ɓace mata ba. In ba ta ga fuskar nan ba, cokali ba ya shiga bakinta.

Sai ga ka. Bayan shekarun da ka yi ba ka tako gidan nan ba, ka zo mana kwana biyu. Ka ci, ka sha, ka miƙe ƙafa a ɗakin da ka yi sakandare a cikinsa. Ba ka ga rufin da ke yoyo ba, rawuta ka gani. Ka ce wai manhajar kamfani da ke cikinta ta ragwaye ce, kana da wata da masana suka haɗa, in ka zuba mata za ta yi gudu. Me na ce maka? Na ce da wa take tsere? Ka yi dariya, ka jona kwamfutarka, ka kwashe mata ƙwaƙwalwa ka zuba wata, ka ɗauki jakarka ka tafi.

Ta ɗan yi aiki bayan tafiyarka, ba zan ƙi gaskiya ba. Daga nan shiru. Fitilar farko kore, ɗayar mai hoton duniya a mace, sunan gidanmu da ke fitowa a babbar waya ya ɓace ɓat. Na kira ma'aikacin kamfani. Ya duba, ya ce, "Baba, wa ya yi muku wannan aika-aikar? Wannan ai ba tamu ba ce yanzu, garanti ya tashi." Ya ce layin da sunan Auta yake, ba za su ba ni wata ba sai da ita. Yana faɗa yana taunar cingam a gaban Innarku. Na nuna masa ƙofa.

Jiya Innarku ta ce, "Malam, yarinyar nan lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, na'ura ce ta lalace. Ta yi min kallon da take min a da in na ce ban biya ta majalisa ba.

Ka zo ka mayar da abin da ka cire.

Kawunka, kafinta.

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Allah Ya ƙara sauƙi. Iyalina suna gaisuwa, ƙaramin yana fama da haƙori amma da sauƙi.

Wasiƙarka ta same ni a wurin aiki, na karanta ta a tsaye, raina bai yi daɗi ba. Kawu, ba don in yi gwaninta na taɓa rawutar ba. Da idona na ga hoton Auta yana yankewa, Inna tana miƙa hannu tana kiranta. Manhajar da na sa tana aiki a gidana da gidajen abokaina, ba ta taɓa ba mu matsala ba. Kafin na tafi na shigar mata da sunan layinku da kalmar sirrin kamfani, na gwada, komai daidai.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba. Muna tsakiyar zuba kankaren gada, ba a ba kowa hutu sai an gama. Amma a gwada wannan. A cire ta daga wuta, a bar ta ta huce kamar yadda ake barin shayi, a mayar. A duba kebur ɗin da ya shigo daga waje, a tabbata yana cikin kafa mai launin shuɗi, ba cikin rawaya ba, wataƙila garin shara an canza. A kashe babbar wayar a kunna. Sannan ka rubuto min wace fitila ce ke ci, wace ce ke ƙyaftawa. Bayan wannan don Allah kada a taɓa komai.

Kafin nan, a roƙi telan da ke maƙwabtaka da ku ya ara wayarsa, Auta ta kira ta can, Inna ta gan ta ko sau ɗaya ne. Kuma Kawu, ka ɗauki waya in na kira. Abin da za mu gama a zama ɗaya, takarda sai ta ci mana mako.

Ɗanka.

*

Injiniya,

Na amsa gaisuwa. Yaro mai haƙori Allah Ya raya shi, Ya sa kada ya gado hannun ubansa. Gwiwa tana nan. Innarku ba lafiya, kuma yanzu za ka ji dalili.

Da farko, "kada a taɓa komai". A gidan wa? Uwarka da akwati ɗaya ta shigo gidan nan lokacin da ubanka ya rasu, ni na yi mata gado da hannuna, ni na yi maka teburin da ka yi karatun da kake min taƙama da shi. Ran da aka ba ka takardar digiri ka gayyaci kowa har da mai wankin motarku, ni sai a bakin mutane na ji. Yau kai ne za ka aiko min da doka a kan kantar da ni na buga?

Na yi abin da ka ce, don kada gobe ka sami bakin magana. Na cire ta daga wuta, na bar ta ta huce har ta yi sanyi kamar gawa. Na mayar. Kebur yana cikin shuɗiyar kafa, can yake tun ran da aka kawo ta, ni ba makaho ba ne, kurma ne. Na kashe babbar waya na kunna. Fitilar farko kore, ta biyu tana ƙyafta ido kamar marar gaskiya, mai hoton duniya a mace. To ga amsarka, sai ka jiƙa ka sha.

Shawararka ta wayar tela kuma, Allah Ya isa tsakanina da ita. Ka manta ɗakin Innarku a ƙurya yake, sabis ba ya shiga sai dai ya leƙo. Tela ya zo, bawan Allah, ya hau kujera ya ɗaga waya wajen taga har ya kama, sannan ya sauko da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Auta ta fito. Ta buɗe baki za ta ce "Inna", sai hoton ya daskare. Baki a buɗe, ido a tsaye, ba motsi, ba murya. Innarku ta sa yatsa ta taɓa fuskar. Ta taɓa ta sake taɓawa. Sai ta janye hannu ta ce, "Hoto ne. Hoto kuke nuna min. Malam, yaushe ta rasu?"

Na rantse mata, tela ya rantse. Muka sake kira ta murya kawai, ta saurara ta ce wannan ba muryar 'yarta ba ce, wata muka ɗauko. Tun ranar ta juya fuska bango. Da rarrashi take kurɓar shayi.

Kuma kada ka ɗauka zaune nake ina jiran ka gama gadarka. Har ƙusa na sa mata. Akwai ɗan rami a bayanta, wanda ya fara kafa ta shi ya nuna min, ya ce in ta yi taurin kai a soka siririn abu a riƙe har fitilu su ɗauke. Ina da 'yar ƙusa ta musamman da na ajiye a kan kantar don wannan. Shekarun nan duk, da ta fara nauyi sai in soka mata, ta yi atishawa ta dawo garau. Bayan tafiyarka hoto ya ɗan yi tsalle wata yamma, na soka mata kamar kullum, fitilu suka ɗauke, suka dawo, ita ba ta dawo ba. Tun daga nan safe da yamma nake soka mata, ko gezau. Manhajar kamfani tana jin magana. Taka ba ta da tarbiyya, kamar mai ita.

Ba na son wata takarda. Ƙafarka nake son gani.

Kawunka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina yi wa Inna addu'a. Ban yi barcin kirki ba tun da na karanta abin da ya faru da wayar tela.

Amma yau zan faɗi magana, in ka ga dama ka ce na yi rashin kunya. Ƙusar nan ita ce ta kashe intanet ɗin. Ramin nan ba na farfaɗowa ba ne, na gogewa ne. Manhajar kamfani da sunan layinku da kalmar sirri a cikin jininta aka haife ta, ko sau dubu ka goge za ta tuna. Wadda na sa ba ta san ku ba, ni na koya mata. Ran da ka soka ƙusa ka riƙe, ta manta duk abin da na shigar, ta rufe wayfai ɗinta, ta koma kamar jaririya. Duk sukar da kake yi safe da yamma, goge abin da babu kake yi.

Laifina ɗaya, ban tambaye ka yadda kake da ita ba, ban kuma gargaɗe ka ba. Na ɗauka. Amma Kawu, ka rubuto min shafi guda a kan digiri da akwatin uwata, ba ka ga ya dace ka faɗi maganar ƙusar a wasiƙar farko ba? Da ka ɗauki waya sau ɗaya, da tuni an wuce wurin. Tun ina yaro a gidanka haka ne, rediyo ya yi shiru a buga masa, ƙofa ta ƙi a buga mata, yaro ya yi tambaya a buga masa. Ba komai ne katako ba.

Ga sabuwar rawuta na ba direba. Na shigar da komai, na gwada yadda zan iya. Ka cire tsohuwar, ka sa kebur a shuɗiyar kafa, ka jona wuta, shi ke nan. Babbar waya za ta gane ta da kanta don sunan bai canza ba. Ramin bayanta na toshe shi da gam, don a huta.

A jona ta ranar da ta iso. Don Allah.

Ɗanka.

*

Injiniya,

Lafiya muke, in wannan ake kira lafiya.

Ga kayanka nan na mayar wa direba, ko ledar ban ɓata ba. Na buɗe, na juya bayanta, na ga gam. Gam! Irin yadda ake toshe rami don ɓera, ko a ɗaga magani sama don yaro. A gidana, a kan kantata, za ka ajiye abin da kowane baƙo in ya juya shi zai karanta cewa maigidan nan wawa ne. Tela ma ya gani, ya yi kamar bai gani ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Wato ni na kashe ta. Kai ka shigo ka canza wa mutum makullin ƙofa ba ka faɗa masa ba, ya sa mabuɗinsa na kullum ya karye, sai ka ce shi ya ɓata ƙofa. Wannan shi ne ilimin da aka koya muku?

Kuma dukan da kake gori, sau nawa na buge ka? Wanda na tuna, ran da ka kwance min injin yanka don ka ga cikinsa ne, ka kasa mayarwa. Ashe tun lokacin ne.

Innarku tana tambaya me ya sa mutane ba sa zuwa mata gaisuwa, ko ba a sanar da dangi ba ne. Ta rame, zobenta yana zamewa daga yatsa. Wannan a wuyanka yake. Ban ce ka aiko kwali ba, cewa na yi ka zo. Wanda ya ɓata da hannunsa, da hannunsa zai gyara, yana tsaye a gabana.

Kawunka.

*

Kawu,

Motar direba ta lalace a hanya, sai jiya kwalin ya dawo hannuna. Duk kwanakin nan ina zaton Inna tana ganin Auta. Da na ga kwalin sai da na zauna a ƙasa.

Auta ta kira ni tana kuka har ba na jin abin da take faɗa. Ta ce ita ma ka daina ɗaukar wayarta don tana goyon bayana.

Na kankare gam ɗin da reza. Ramin a buɗe yake, ka soka abin da ka ga dama. Ka ce ni ne mai laifi, na yarda, ka rubuta a bango in sa hannu. Na biya wata mota daban don ta iso da wuri. Ka jona ta, Kawu. Ba ni za ka yi wa ba.

Ɗanka.

*

Ɗan ƙanwata,

Bayan sallama. Ina fata kuna lafiya. Gwiwa ta kumbura, ban kula ta ba.

Kwalinka ya iso. Ya kwana a ƙarƙashin benci, ba zan ɓoye maka ba, don raina bai gama hucewa ba. Washegari Innarku ta ƙi ko shayin, ta ce a ba masu zaman makoki. Sai na ɗauko. Na sa kebur a shuɗiyar kafa, na jona wuta. Fitilu suka yi ta rawa, can mai hoton duniya ta kama, kore shar. Babbar waya ta gane ta kamar yadda ka ce. Wannan kam ka iya, ka ji na faɗa, kada ka jira in maimaita.

Da yamma ta yi ƙara. Na jingina ta da filo, na ce, "Ke, tashi ki ga wanda ya zo." Auta ta fito tas, har gumin goshinta ana gani. Tana motsi, tana kuka, tana dariya, tana cewa, "Inna, ni ce, ga ni, ki dube ni, ga hannuna." Innarku ta tashi zaune. Ta gyara ɗankwali. Ta daɗe tana kallonta. Ni ina bakin ƙofa, na riƙe katakon har yatsuna suka yi ciwo.

Sai ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Kin zo mana gaisuwa? Allah Ya ba da lada. Kin san ta ne?"

Auta ta ce, "Inna, ni ce Auta."

Ta ce, "Haka mutane ke cewa, wai kuna kama. Amma ita ta fi ki haske. Malam, kawo wa baƙuwa kujera."

Na kawo kujera. Me zan yi? Na ajiye a gaban gado, na ɗora wayar a kai.

Likita ya zo ya duba ta. Ya ce irin wannan ciwon, abin da aka daɗe ba a gani ba yakan fita, abin da ya shiga wurinsa kuma ya zauna daram. Ya ce wataƙila Auta ta dawo mata a rai, wataƙila ba za ta dawo ba, kada mu yi ta musu da ita don tsorata take yi. Ya tambayi tsawon lokacin da ta yi ba ta ga yarinyar ba. Na faɗa masa. Ya tambayi dalili. Na ce na'ura ce ta lalace. Ya dube ni, na dubi takalminsa.

Yanzu kullum da yamma Auta tana kira, ta yi wa uwarta ta'aziyyar kanta. Ta ce, "Ya haƙuri, Inna?" Uwar ta ce, "Haƙuri sai Ma'aiki." Sannan ta ba ta labarin 'yarta, yadda take tsoron kyankyaso, yadda ta ƙone hannu tana koyon guga. Auta tana saurara tana gyaɗa kai. A haka nake samu in tura mata cokali, tana ci. Ta ce baƙuwar nan tana da kirki, ita kaɗai ce a duk dangi ta san ya kamata. In an kashe waya, ni ke fita shago in zauna a cikin ƙurar katako har a kira salla.

Ban yafe maka ba. Da ba ka taɓa ta ba, da yanzu ba wannan maganar muke ba. Abin da ya biyo baya kuma, ba da kai zan yi lissafinsa ba, akwai Wanda zai tambaye ni.

Auta ta sami hutu, tana tafe ƙarshen wata. Ta ce in tambayi Innarta me take so a kawo mata. Na tambaya. Ta ce, "Ka ce wa baiwar Allah kada ta wahalar da kanta, ai ta yi ƙoƙari."

An ce min kun gama gadarku. To ka nemi mota, ka je filin jirgi ka ɗauko 'yar'uwarka, ka kawo ta har gida. Kada ka sauke ta a bakin titi ka juya. Ka shigo da ita. Ban san abin da Innarku za ta ce ba in ta ga yarinyar nan tsaye a ɗakinta da jaka a hannu, kuma ba zan ɗaga labulen nan ni kaɗai ba.

Ka zo da wuri. Na share ɗakinka.

Kawunka, kafinta.